Tabon tangaran da gubar dalma: Abin da ya kamata a sani game da kayan wanke-wanke a yammacin Zamfara

Kwamin wanke-wanke na tangaran, wanda magina da masu aikin famfo ke kira sinki, yakan shigo gida fari fat. Kafin shekara ta zagayo sai a ga wani jan zane ya sauko daga ƙarƙashin famfo zuwa bakin magudana, a yi ta gogewa har hannu ya gaji bai fita ba. Haka lamarin yake ga daro da fanteka da langa, waɗanda su ne ainihin kayan wanke-wanken mafi yawan gidaje a garuruwa irin su Anka, Gummi da Bukkuyum, inda ruwa ke zuwa daga rijiya ko burtsatse ko kurar 'yan ga-ruwa.

A wurare da yawa, tabon kwano magana ce ta ado da tsafta. A yammacin Zamfara kuwa maganar ta fi haka nauyi. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ne gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a shekarar 2010, kuma turmi da injin niƙa da kwanonin cikin gida suna cikin hanyoyin da gubar ta bi ta shiga jikin yaran. Saboda haka mai auna ƙarkon kayan wanke-wanke a wannan yanki yana da tambaya uku: da me aka yi su, har yaushe fatarsu za ta zauna a rufe ba tsaga ba kwarzane, kuma me ke taɓa su kullum.

Tangaran da kwanon fenti

Abubuwa biyu ne mabambanta ake haɗa su a suna ɗaya a kasuwa. Na farko shi ne tangaran na ainihi, wanda ake yi da farar laka mai suna kawolin, a haɗa ta da garin wasu duwatsu, a gasa a zafin da ya kai digiri 1,200 zuwa 1,400 a ma'aunin Salshiyas, har ta narke ta dunƙule. Mutanen Sin ne suka fara wannan sana'a, Turai ba ta iya ta ba sai a farkon ƙarni na 18, lokacin da aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus a 1710. Irin wannan ne kwamin wanke hannu da masai na zamani da ake gani a asibitoci da ofisoshi.

Na biyu ƙarfe ne da aka lulluɓe da narkakken garin gilashi a zafin digiri 750 zuwa 850. Shi ne kwanon fenti, dangin langa da fanteka da samira, kuma shi ne jikin yawancin tsofaffin kwamin kicin masu nauyi. Kamfanin Kohler na Amurka ya fara sayar da kwamin wanka na irin wannan ƙarfe a 1883. A Najeriya, bayan shekaru ana shigo da kwanon fenti daga waje, an kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas a 1960, kuma cikin shekarun da suka biyo baya waɗannan kwanoni suka ture ƙwarya da akushi daga jeren ɗakin amarya a ƙasar Hausa.

Abin da ya haɗa su biyun shi ne siririyar fatar gilashin da ke samansu. Ita ce ke hana ruwa da maiƙo da datti shiga. Muddin tana nan sumul, tabo a samanta yake zaune kuma yana fita. Da zarar ta kwarzane ko ta ɓantare, tangaran zai fara riƙe datti a cikin tsagar, kwanon fenti kuma ya fara tsatsa daga baƙin ƙarfen da ya bayyana.

Daga ina tabon ke fitowa

Ruwa ba ya tsami banza, kuma launin tabo kan faɗi asalinsa.

Tabo ja ko ruwan ƙasa da ke bin hanyar ɗigar famfo, sinadarin ƙarfe ne da ke narke a cikin ruwa. Ruwan burtsatse mai ɗauke da shi yakan fito garau, sai ya sha iska ya juya ja, ya kwanta a ƙasan bokiti. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce idan ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a lita guda, ruwa yakan ɓata tufafi da kayan famfo. Wannan adadin ne kuma iyakar da ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya ta gindaya, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015. Wani lokaci kuma jan ba daga ƙasa yake ba, daga tsohon bututu ne ko tankin ƙarfe da ya ci tsatsa.

Tabo baƙi-baƙi yakan fito daga sinadarin manganis, wanda shi ma a ruwan ƙarƙashin ƙasa ake samunsa. Farin ɓawo mai kaushi da ke taruwa a bakin famfo da cikin butar shayi kuwa, alama ce ta ruwa mai yawan kalsiyam da magnesiyam, irin ruwan da sabulu ke wahalar yin kumfa a cikinsa. Ɓawon kansa ba ya cutarwa, amma kaushinsa ne ke kama sauran datti.

Sai tabon abinci: ganyen shayi, zoɓo, goro, manja da kurkum. Waɗannan ba sa kama lafiyayyen tangaran. Idan aka ga sun zauna sun ƙi fita, to fatar gilashin ta riga ta yi rauni.

Yadda ake cire tabo, da kurakuran da aka saba yi

Tsatsa da farin ɓawo duka tsami ne maganinsu. Ruwan lemun tsami ko ruwan khal, a shafa a bar shi na ɗan lokaci, a goge da soso mai laushi, a ɗauraye sosai. Tabon abinci da maiƙo kuma sabulu da ruwan ɗumi, ko kwaɓin bekin soda, sun isa.

Kuskure na farko shi ne zuba bilic a kan tsatsa. Bilic yana kashe ƙwayoyin cuta kuma yana cire tabon shayi, amma tsatsa ƙara kafe ta yake yi. Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne haɗa bilic da wani abu mai tsami, kamar khal ko ruwan wanke masai. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma a ƙaramin kicin ko banɗaki marar taga tana iya kayar da mutum.

Kuskure na uku ya samo asali daga al'ada mai kyau da aka kai inda ba wurinta ba. Toka da yashi da soson ƙarfe sun dace da gindin tukunyar da ta sha hayaƙin murhu. A kan tangaran da kwanon fenti kuwa, kowace guga tana cin fatar gilashin. Kwanon yakan yi fari a ranar, sannan ya riƙa kama tabo da sauri fiye da da, har ya kai inda ba abin da zai fitar da shi. Haka kuma zuba tafasasshen ruwa a kwamin tangaran mai sanyi, musamman da asubahin hunturu, yana iya jawo ƙananan tsagogi kamar saƙar gizo.

Ƙarkon kayan zamani

Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne ya mamaye kicin na zamani. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya haɗa shi a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, wanda dole ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na haɗin. Kuromiyam yana haɗuwa da iska ya yi wata fata da ido ba ya gani, kuma idan aka kwarzane ta tana sake rufe kanta. Wannan ne fifikonsa a kan tangaran, wanda tsagarsa ba ta warkewa.

Sai dai duk abin da ke ƙyalli a kasuwa silba ake ce masa, alhali iri-iri ne. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne wanda ake so ga kicin da asibiti. Mai lamba 201 an rage masa nikel an ƙara manganis don ya yi araha, kuma yana saurin yin ɗigo-ɗigon tsatsa idan gishiri ko bilic ya kwana a kansa. Gwajin maganaɗisu da wasu masu saye ke yi ba ya raba waɗannan biyun, domin dukkansu ba sa kama shi sosai, sai dai ya tona asirin mai lamba 430. Kauri ma abin lura ne, kuma lissafinsa a juye yake: geji 16 ko 18 ya fi geji 22 kauri. Siririn yakan lotsa idan tukunya ta faɗa masa, ruwa ya riƙa kwanciya a lotsawar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma mai sayen kwami sau da yawa ba a gaya masa wace lamba ya saya ba.

Akwai kuma kwamin da ake yi da garin dutse, kimanin kashi 80 cikin 100, a ɗaure shi da wani irin ƙaro na roba. Yana jure kwarzane kuma ba ya tsatsa, amma yana da tsada, farin ɓawo yana fitowa fili a kan mai duhun launi, kuma idan ya tsage gyaransa sai ƙwararre. Danginsa shi ne Corian, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1967, mai sauƙin gyara amma marar jure tukunyar da aka sauke daga wuta.

A ƙauyuka da unguwannin talakawa, roba ce ta gaji kwanon fenti. Ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, kuma kuɗinta kaɗan ne. Rana ce ajalinta, domin hasken rana yana busar da ita har ta riƙa karyewa, kuma kwarzanen cikinta yana riƙe maiƙo. Kwamin siminti da magini ke zubawa a tsakar gida ya fi kowa daɗewa, amma siminti yana shan ruwa, don haka sai an lulluɓe shi da tayil an kuma toshe tsakanin tayil ɗin da kyau kafin ya wanku yadda ya kamata.

Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum

Duk tabon da aka lissafa a sama ido yana ganinsa, kuma galibinsa ba ya kisa. Ƙurar dalma kuwa ba ta da wani launi da zai bambanta ta da ƙurar tsakar gida, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano.

Duwatsun yankin Anka suna ɗauke da zinariya, a wasu ramuka kuma tana cakuɗe da dutsen dalma mai yawa. Da farashin zinariya ya haura dala 1,000 kan kowane oza a ƙarshen 2009, haƙa ta ƙaru, aka riƙa kawo duwatsun cikin gari da cikin gidaje. Ana farfasa su da guduma, a daka a turmi ko a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a wanke garin, a kama zinariyar da zaiba, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen yara bayan suma da jijjiga. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya a Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar, wato ɗaya cikin huɗu, sun rasu a cikin shekara guda. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ke amfani da ita a lokacin ga filin wasan yara 400 ce.

Tsakanin 2010 da 2011 aka kankare gurɓatacciyar ƙasa aka zuba sabuwa a ƙauyuka bakwai: Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Tungar Guru, a ƙarƙashin jagorancin ƙwararru daga TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith. Bagega, wadda ta fi su girma, ta ci gaba da jira. Likitoci ba za su iya ba yaro maganin janye dalma daga jini ba alhali zai koma ya zauna a cikin ƙurar, don haka yara kimanin 1,500 suka zauna ba magani. Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850 a watan Mayun 2012, amma ba a saki kuɗin aikin ba sai ƙarshen Janairun 2013, bayan matsin lambar Human Rights Watch da gangamin #SaveBagega da matasan Follow The Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal, suka yi a shafukan sada zumunta. A cikin shekarar aka tsabtace Bagega. A 2015 irin wannan annoba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. MSF ta miƙa shirinta na Zamfara ga hukumomin jihar a 2022.

Masu binciken da suka yi aikin tsabtacewar sun gano cewa yawancin dalmar da ke cikin hatsi ta shiga ne bayan girbi, wajen sussuka da niƙa da sarrafawa a gida. A nan ne maganar fatar kwano ke samun muhimmancinta. Ƙura tana wankuwa daga tangaran mai sumul da silba mai kyau. Turmin itace, tsagaggiyar ƙwarya, kwanon da ya ɓantare da siminti marar rufi kuwa suna da ramukan da soso ba ya kaiwa. Abin da ya taɓa dutsen zinariya bai kamata ya koma ga abinci ba ko an wanke shi. Tafasa ruwa ma ba ya cire dalma, yana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai. WHO ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana shan ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke sha daga dalmar da aka haɗiya. Wanda bai mutu ba yana iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa.

Dalma a jikin kwanon kansa

Ko a gidan da dutsen zinariya bai taɓa shiga ba, irin gidaje da dama na garin Gummi, akwai wata ƙofar. An daɗe ana sa dalma a haɗin gilashin da ake rufe tangaran da kwanon fenti, domin tana sa ya narke da wuri ya kuma yi sheƙi. Idan an gasa shi da kyau kuma fatar tana nan lafiya, abin da ke fita kaɗan ne. Idan ta tsufa, ta yi gari-gari ko ta ɓantare, tsami yana jawo dalmar. Ke nan lemun tsamin da ke cire tsatsa a lafiyayyen kwami bai dace da tsohon kwanon da ya farfashe ba, kuma bai kamata a jiƙa tsamiya ko zoɓo, ko a ajiye miyar tumatir ko nono, su kwana a cikinsa ba.

Sai tukunyar da maƙeran fari ke zubawa, wadda a wurare da dama ake kira tukunyar dalma. Asalinta alminiyam ce, amma ana narka ta ne daga tarkacen da aka samu: gwangwani, sassan injin mota, lagireto da makamantansu, kuma wasu daga cikinsu suna ɗauke da dalma ta gaske. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna suna sakin dalma yayin girki. A 2023 ƙungiyar Pure Earth ta gwada kayayyaki fiye da 5,000 daga kasuwannin ƙasashe 25, har da Najeriya, ta samu kimanin rabin kayan girki na ƙarfe da kashi 45 cikin 100 na kayan tangaran da yumɓu sun wuce ma'aunin da ta yi amfani da shi. Tsami da kanwa duka suna cin alminiyam, haka guga da yashi tana buɗe sabuwar fata a cikin tukunya. Ƙyallin sabuwar tukunya na iya zama kyan ɗan maciji, kuma ido ba ya rarrabewa. Na'urar hannu ta XRF, irin wadda aka yi aiki da ita a Bagega, ita ce ke faɗin abin da ke cikin ƙarfe cikin ƙasa da minti guda.

Wa ke da alhaki

Uwar gida tana iya raba kayan abinci da kayan aikin ma'adini, ta rufe abinci, ta wanke hannun yara kafin su ci, ta jefar da kwanon da ya ɓantare. Ba ta da hanyar gwada ruwan burtsatsen unguwarsu ko tukunyar da ta saya ranar kasuwa. Wannan aikin hukuma ne.

Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su da waɗanda masana'antun cikin gida ke yi. NAFDAC tana kula da abinci da ruwan da ake sayarwa, NESREA tana kula da gurɓatar muhalli, hukumar FCCPC kuma tana kare haƙƙin mai saye. Samar da ruwan sha da gwada shi yana wuyan gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi. Haƙar ma'adinai kuwa tana hannun Gwamnatin Tarayya, wadda ta haramta ta a Zamfara a watan Afrilun 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage haramcin a Disambar 2024. Tun da aikin ya dawo a hukumance, maganar inda ake niƙa dutse da yadda ake niƙa shi, a jiƙe ko a bushe, a cikin gari ko a bayansa, ta sake zama ta yau.

Gummi da Bukkuyum mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai, Anka kuma tana tare da Talata Mafara, dukkansu a ƙarƙashin sanatan Zamfara ta Yamma. Ga matashin da ke bibiyar ayyukan mazaɓu, takardar kwangila kan faɗi irin kayan da aka biya kuɗinsu, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba shi damar neman ganin ta. Idan an ce an gyara asibitin karkara ko makaranta, ana iya zuwa a duba: akwai kwamin wanke hannu, an haɗa shi da ruwa, yana da magudanar da ke kai ƙazantar nesa da rijiya, kuma lambar ƙarfen ta yi daidai da wadda ke rubuce? Idan burtsatse aka haƙa, an gwada ruwansa kafin a miƙa wa jama'a, kuma ina sakamakon? Iyakar dalma a ruwan sha a ƙa'idar Najeriya miligiram 0.01 ce a lita, kuma takardar gwajin shafi guda ce da za a iya liƙawa a jikin tankin kowa ya karanta.